Ƙarfin da Ke Bi ta Cikin Mai: Tarihin Giya Mai Canza Kanta, Daga Stettin Zuwa Argungu

Idan ma'aikaci a Birnin Kebbi ya tashi sayen mota a yau, tambayoyinsa sukan tsaya ne kan injin: silinda nawa ne, ƙarfin dawaki nawa yake bayarwa, akwai turbo ko babu. Da wuya ya tambayi irin giyar da za ta kai wannan ƙarfi ga tayoyi. Amma sau da yawa ita ce ke fara gazawa, kuma gyaranta kan lashe albashin watanni. Tarihinta na nuna dalili.

A shekarar 1905 injiniyoyi biyu suka yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙiren da daga baya za su haɗu a cikin mota ɗaya. Alfred Büchi, mutumin Suwizalan, ya fito da dabarar amfani da hayaƙin da injin ke fitarwa wajen juya wata ƙaramar fanka mai cusa ƙarin iska cikin injin. Wannan shi ne asalin turbo. Hermann Föttinger kuwa, Bajamushe mai aiki a masana'antar jiragen ruwa ta Vulcan da ke Stettin, matsalarsa daban ce: injin tururi na gudu da sauri ƙwarai, farfelar jirgi kuma tana son juyawa a hankali da ƙarfi. Sai ya raba su, ya sa ruwa ya zama ɗan aike a tsakaninsu.

Wannan na'ura, wadda ake kira tok-kombata, tana kama da ƙwarya biyu da aka kife da juna aka cika da mai. Fankar farko na haɗe da injin, tana watsa man. Ta biyu na haɗe da giya, man yana tura ta. Ta uku, ƙarama a tsakiya, tana karkatar da man da ke dawowa domin ya taimaki ta farko, abin da ke ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu a lokacin tashi. Shi ya sa mota mai otomatik ke tsayawa a giya ba tare da ta mutu ba, ta kuma tashi ba kuloci. Sai dai akwai farashi: duk bambancin gudun da ke tsakanin fankokin biyu zafi yake komawa, man ne kuma ke ɗaukarsa.

Amurka ce ta yaɗa dabarar cikin motocin gida. A 1939 kamfanin General Motors ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile, a 1948 kuma Buick ya fito da Dynaflow mai cikakkiyar kombata. A 1949 Packard ya ƙara wani kuloci na ciki wanda ke kulle fankokin biyu da zarar mota ta miƙe hanya, domin rage zafi da shan fetur. Kusan duk giyar otomatik mai kombata ta yau tana da shi.

Arewacin Nijeriya kuwa wata hanya ya bi. Masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma Fijo 504 mai giyar hannu ta zama motar gwamnati da ta haya. Ita ce ke jigila tsakanin Sakkwato, Argungu da Birnin Kebbi tun kafin a ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991. A kanta kanikawa da yawa suka koyi sana'a: kuloci ya cinye, a sauke giya da safe, a mayar kafin magariba. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga motocin Kwatano. Kebbi, mai iyaka da Benin da Nijar, tana kan hanyarsu. Da farko na Turai ne suka fi yawa, akasarinsu masu giyar hannu. Daga baya na Amurka suka mamaye, irin su Camry da Accord, kusan dukkansu otomatik. Wato giyar ta shigo kwarin Rima ne ta hanyar kasuwar gwanjo, ba littafin umarni, ba horo ga masu gyara, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40.

Yanzu turbo ya biyo sahu, domin kamfanoni sun koma ƙera ƙananan injuna masu ba da ƙarfin manya. Halinsa shi ne ba ya nuna ƙarfi sai hayaƙi ya ishe shi juyawa, daga nan sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Masu tseren gajeren zango a Amurka sun magance wannan da kombata mai sakin jiki, wadda ke barin injin ya hau sama kafin ta riƙe shi. Har yau suna haɗa ta da tsofaffin giyoyi irin Powerglide mai giya biyu kacal da TH400 ta 1964, saboda juriyarsu. Amma tserensu na daƙiƙoƙi ne. Kombatar da ta dace da wannan fili, idan aka sa ta a motar da za ta ratsa yashin fadama ko cunkoson kasuwa a watan Afrilu, dafa man giya kawai za ta yi. Man da ya ƙone kuwa ba ya kare faya-fayen cikin giya.

Birnin Kebbi na da nata hannu a wannan tarihi. Jelani Aliyu ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta garin kafin ya tafi Detroit, ya shiga General Motors a 1994, ya zana surar Chevrolet Volt. A matsayinsa na shugaban hukumar NADDC, a watan Maris na 2020 ya jagoranci shirya ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu, lokacin da bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934, ya dawo bayan dogon hutu. Irin wannan tafiya, doguwar hanya cikin zafi da ƙura, ita ce jarrabawar da ta dace da motar wannan yanki, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka mai sayen mota mai turbo yana da tambayoyi uku da suka fi adadin dawaki muhimmanci. Wace irin giya ce a ciki: mai kombata, mai bel da ake kira CVT, ko mai kuloci biyu? Kowacce da manta, kuma zuba na wata a cikin wata hanya ce ta kashe ta. Shin na'urar sanyaya man giya tana aiki, kuma ta isa zafin nan? Sannan akwai bakaniken da ya san wannan giya a kusa, ko sai an ɗora motar zuwa Kaduna ko Kano? Wanda kuma ke shirin ƙara wa injinsa ƙarfi ta hanyar kwamfuta, ya fara sanin iyakar abin da giyarsa za ta iya ɗauka, domin a kan ƙarfin injin na asali aka ƙera ta.