AMSOSHIN WASIƘUNKU: Fihirisa, Mabuɗin Littafi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Ƙofar Nassarawa, cikin birnin Kano. Ya ce ɗansa ya buga masa littafin bashinsa a kwamfuta, ya jera sunayen mutane a ƙarshe, kowane suna da lambar shafinsa. Da aka ƙara sababbin basussuka sai shafuka suka goce, har ya je ya tuhumi maƙwabcinsa da kuɗin buhun gero biyu da ba shi ya karɓa ba. Yana tambaya, wa ya ƙago wannan jeri, kuma yaya za a gyara shi?

To Alhaji, Allah Ya huci zuciyar maƙwabci. Wannan jeri sunansa fihirisa, kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Mu fara daga gida. Alarammominmu na tsangaya sun daɗe da ilmin da suke kira harji, wato sanin sau nawa wata kalma ta zo a cikin Alƙur'ani mai girma, da wuraren da ta zo. In ka tambayi gwani, ba zai ce maka shafi kaza ba, don kuwa rubutun hannu kowa da girman nasa. Sai dai ya ce izu kaza, tumuni kaza. Izu 60 ne a Kano, 60 ne a Barno. Ka riƙe wannan, nan maganin matsalarka yake.

A bugun inji kuwa, wani Bajamushe mai suna Gustav Flügel ya fitar da fihirisar kalmomin Alƙur'ani a birnin Leipzig a 1842. Aiki ne babba, amma da tangarɗa: lambobin ayoyin da ya bi nasa ne na kansa, ba su dace da ƙidayar malaman Musulunci ba. A 1924 aka buga mus'hafin Alƙahira bisa ƙidayar Kufa, aya 6,236. Daga nan Malam Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi na Masar ya zauna ya gyara kurakuran Baturen, ya fitar da Mu'ujamul Mufahras a 1945. Kowace kalma ya sa mata sunan sura da lambar aya. Shi ya sa har gobe littafin yana aiki, ko mus'hafinka ƙarami ne na aljihu, ko babba ne na masallaci. Shi ne kuma ya sa wa hadisan Muwaɗɗa da Sahihu Muslim lambobin da ɗalibai ke ambata yau.

A wajen ƙofarku ɗin nan, a Nassarawa, Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a 1909, inda aka koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai rubutun boko da lissafi. Irin waɗannan ɗalibai ne suka riƙe littattafan haraji da na baitulmali. Kwamfuta baƙuwa ce ta baya-bayan nan: Microsoft Word, wadda ake buga takardu da ita a shagunan gari, a 1983 ta fito. Ita kuwa in ba a hana ta ba, shafi take nunawa.

To ga gyara. Na farko, kowane bashi a ba shi lambarsa, kamar yadda ake yi wa buhu shaida a kasuwar Dawanau. Yaro ya buga lambar da hannunsa, kada ya bar na'ura ta jera da kanta, don in aka goge guda, na ƙasa duk za su matso sama. Bashin da aka biya a rubuta “an biya”, amma lambarsa ta zauna, ba a ba wani.

Na biyu, ya shafa sunan mutum, ya danna Alt da Shift da X tare. A akwatin da zai fito ya zaɓi Cross-reference, ya goge abin da ke ciki, ya sa lambar bashin. In ya gama duka, ya je ƙarshen takarda ya danna Insert Index. Sunaye za su jeru bisa abacada, kowanne da lambobinsa.

Kai kuma manomi ko ɗan kasuwar ƙauye da ba ka da kwamfuta, kada ka ce ba da kai ake ba. Ware shafukan ƙarshe na littafinka, kowane harafi da gurbinsa, ka riƙa rubuta suna da lambar bashi nan take, tun mai karɓa bai bar rumfa ba.

Amma Alhaji, kafin yaro ya taɓa na'ura, ka ɗauki goro ka je gidan maƙwabcin nan bayan la'asar ka ba shi haƙuri.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.