Zangon Wagadugu: Daga Masaukin Fatake Zuwa Rusau na 2003

A asalinta, kalmar "zango" tana nufin wurin da ayari yake yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A ƙasashen da ke yamma da ƙasar Hausa kuwa, ta koma sunan unguwar baƙi Musulmi da suka zauna dindindin. Tarihin zangon Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ya nuna yadda irin wannan unguwa take kafuwa a kan amanar da ke tsakanin baƙo da mai masaukinsa, da kuma abin da yake samunta idan ikon ƙasa ya bar hannun wanda ya ba da amanar.

A ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan nufi Salaga ta ƙasar Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Wasu daga cikin hanyoyinsu sun ratsa ƙasar Mosawa, inda Mogo Naba yake sarauta a Wagadugu. Mosawa suna kiran Hausawa "Zangweto", sunan da ake dangantawa da kalmar zango, unguwarsu kuma ta zama Zangwetin, wato wurin Hausawa. Sa'ad da Bafaranshe mai yawon binciken ƙasa, Louis-Gustave Binger, ya isa garin a 1888, ya ambaci rukunin gidajen da Hausawa da wasu baƙi suke zaune a ciki, ya kuma ƙiyasta cewa mutanen garin duka ba su wuce 5,000 ba. Ke nan a lokacin Wagadugu tarin ƙauyuka ce kewaye da fada, kowanne da aikinsa da shugabansa.

Zaman baƙi a nan ya ginu ne a kan izinin sarki. Shi yake ba da wurin zama, su kuma su kawo haja da ilimi da addu'a. A cikin unguwa, maigida yana saukar da fatake ya haɗa su da dillalai, malami yana karantar da yara, dattawa suna sasanta rigima. Ba wanda yake riƙe da takardar fili, domin shaidar maƙwabta da yardar fada sun wadatar.

Wannan tsari ya fara girgiza a 1896, lokacin da sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet suka kama garin. A 1919 Wagadugu ta zama hedikwatar sabuwar ƙasar mulkin mallaka ta Haute-Volta. Turawa suka shata tituna, suka yanka filaye, suka shigo da rajista. Tsofaffin unguwanni irin su Paspanga da Dapoya da Kuluba da Zangwetin suka wayi gari a tsakiyar birni mai bunƙasa. Kusanci da babbar kasuwa ya amfani mutanen zango ƙwarai, amma shi ne kuma ya ɗaga darajar ƙasar da suke kai har idon hukuma ya faɗa mata.

Girgiza ta biyu ta zo da juyin juya halin Thomas Sankara, wanda ya karɓi mulki ranar 4 ga Agusta, 1983. A 1984 gwamnatinsa ta mayar da dukan ƙasa mallakar hukuma, ta raba birnin zuwa shiyyoyi 30 masu lambobi a madadin sunayen unguwanni, ta damƙa al'amuran yau da kullum ga kwamitocin kare juyin juya hali. Ɗaya daga cikin manufofin shi ne rage ƙarfin sarakunan gargajiya. An kuma rushe unguwar Bilibambili aka gina rukunin gidaje na Cité An III a gurbinta. Tun daga nan ya tabbata cewa daɗewa a wuri ba ya hana tashi.

A zamanin Blaise Compaoré aka zo kan Zangwetin. A 2001 gwamnati ta ƙaddamar da faɗaɗa shirin ZACA, na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi a kan kimanin hekta 85 na tsakiyar birni. Shirin ya shafi mutane wajen 12,500 a Zangwetin da Tiyedpalogo da Polgin da wani sashe na Kuluba, akasarinsu Musulmi. Mazauna suka kafa ƙungiya, limamai da malamai suka shige gaba, aka yi taruka da zanga-zanga. Daga bisani aka koma teburin sulhu, aka biya masu filaye diyya, aka ware musu matsuguni a Ouaga 2000 da Nioko, can gefen gari. A ƙarshen 2003 aka fara rusau. A watan Mayu na wannan shekarar gobara ta riga ta cinye babbar kasuwa ta Rood Woko, wadda ba a sake buɗewa ba sai 2009, don haka 'yan kasuwa da dama suka rasa rumfa da gida a shekara guda.

Diyya ta iya ƙididdige fili da bango. Abin da ba ta ƙididdige ba shi ne abokin ciniki na shekaru talatin, da masallacin da ake zuwa da ƙafa, da maƙwabciyar da ake bar wa yara. Mai sana'ar da a da yake fita ƙofar gida ya tarar da kasuwa, yanzu sai ya biya kuɗin abin hawa. Babban ɓangaren filin da aka share kuwa ya shafe shekaru a kango, ciyawa tana tsiro inda zauruka suke, kafin benaye su fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Paspanga da Dapoya, da rusau bai kai gare su ba, suna nan da sunayensu a bakin jama'a, duk da lambobin 1984 da sabon rabon birnin zuwa gundumomi 12 da shiyyoyi 55. Hausawan Wagadugu ma suna nan, a kasuwanni da mahauta da makarantun allo, sai dai a warwatse. Zangwetin ce babu: unguwar da ta rayu fiye da ƙarni guda a kan yardar sarki da shaidar maƙwabta, aka share ta cikin 'yan watanni.