Yadda gonakin Maradi da Damagaram suka koya wa masu digiri karatun icce

Yau tarihinmu ya shafi ɗalibban jami'a masu karatun noma, gandun daji da muhalli, waɗanda akan gani jefi-jefi cikin ƙauyuka da littafi a hannu da igiyar awo, suna zagaye gindin gawo, mutane na tambayar juna wai me yaran nan ke nema. Wasu iyaye ma cewa suke, an kai yaro jami'a don ya fita daga gona, ga shi an sake maido shi cikin rana. To wannan fita da suke yi tana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin ƙasar nan, a nan ƙofar gidanmu.

Mu fara daga zamanin Nasara. A 1934 wani farfesan gandun daji na jami'ar Edinbara, Stebbing, ya ratso iyakar Nijar da Najeriya cikin rani. Ya ga ƙasa a bushe, ya ga rairayi, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara na tafowa kudu, za ta cinye ƙasar Hausa. Maganar ta tada hankalin Ingila da Faransa, har suka haɗa tawagar masana, ciki har da Bafaranshe Aubréville, suka bi yankin ƙafa da ƙafa a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Da suka dawo suka ce ba su ga hamadar da ke tafiya ba. Abin da suka gani shi ne saran daji da ƙasa mai gajiya a wuraren da mutane suka yi yawa. Kun ga tun a lokacin, wanda ya wuce sau ɗaya da wanda ya tsaya ya duba ba magana ɗaya suka yi ba.

Amma dokar da aka gina aikin gandun daji a kanta ta riga wannan tawaga fitowa. Dokar 4 ga Yuli 1935, wadda Faransa ta shimfiɗa wa dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, ta maida daji na hukuma, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini. Bayan ƴancin kai, dokar 1974 ta bi sawunta. Gawo na cikin itatuwan da aka kare, ko da a tsakiyar gonarka ya fito. Tsofaffinmu sun san abin da ya biyo baya: ma'aikacin gandun daji ya zo da kaki, ya ga reshe a sare, a ci ka tara. Manomi kuwa ba wawa ba ne. Tunda iccen da ya girma na gomnati ne, kuma shi ke jawo tara, sai ya riƙa cire shi tun yana tsiro. A ɗaya ɓangaren malaman gona na koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, don garmar shanu ta wuce, gyaɗa ta samu fili. Doka ta ce a kare icce, aiki a ƙasa ya ce a tumɓuke shi.

Waɗanda aka horar a makarantu a wancan zamani, abu biyu aka fi koya musu: tsaron daji da renon dashe. Jami'ar Yamai ta fara a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Makarantar Kollo na fitar da ƙananan ma'aikatan karkara, cibiyar binciken noma ta INRAN ta kafu a 1975, da tasharta ta Tarna a Maradi. Mutane ne masu ƙwazo, ba a raina aikinsu. Sai dai idon da aka ba su ido ne mai neman icce cikin leda, a jere, a wurin reno.

Da fari ya auko a 1973 da 1974, amsar da kowa ya sani ita ce dashe. Ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce, Samariya ta fita, ƴan makaranta suka fita. A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maradi kan yaƙi da hamada, wanda ya haifi alkawarin da ake kira Alkawarin Maradi, aka ɗora wa garuruwa da hukumomi su keɓe filaye su dasa. A faɗi gaskiya, akwai inda dashe ya yi rana. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka dasa layukan dogon yaro don kare iska, kuma suka kama, saboda ruwa na kusa a ƙarƙashin kwarin. A Keita, aikin da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984 ya farfaɗo da tuddai da fako, mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar dutsen. Amma a jigawa, inda akasarin gonakin hatsi suke, labarin ɗaya ne: a dasa da damina, rani ya zo, awaki da gara da iska su gama da shi. Shekara ta zagayo, a sake dasawa a rami ɗaya, a sake ɗaukar hoto.

A cikin masu wannan wahala akwai wani saurayi ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, wanda ya yi karatun noma a jami'a, ya zo Maradi aiki da ƙungiyar SIM a farkon shekarun 1980. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa a 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya rairayi. Sai ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa kullum. Ya matsa ya duba ganyen, ya gane icce ne da aka sare, kututturen na raye, saiwarsa na ƙasa, kowace shekara yana tofowa ana sake sare shi lokacin sassabe. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina cikin gonaki. Sabara, kalgo, taramniya, aduwa, magarya, duk suna nan a binne.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta buƙatar leda ko ban ruwa. A kan kututture a zaɓi tofo ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran, a gyara rassan ƙasa, a bar su su miƙe. Tunda saiwar tsohuwa ce kuma ta yi zurfi, abin da dashe zai yi shekaru bai kai ba sai tofo ya kai cikin damina biyu ko uku. Aka sa mata suna sassaben zamani. Manoma kaɗan ne suka yarda da farko, ana yi musu dariya wai gonarsu ta yi datti. Sai yunwar 1984, wadda mutanen Maradi ke kira El Buhari, ta zo. Aka haɗa rabon abinci da barin tofo a ƙauyuka kusan ɗari. Da abinci ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuma suka fara samun iccen girki, da ganyen dabbobi, da sanda ta sayarwa a kasuwa, iska ta daina binne musu shuka har sai sun sake shuka sau biyu sau uku. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya.

A nan sai an yi hattara, don labarin yakan fita waje kamar Bature ɗaya ne ya koya wa Hausawa icce. Barin tofo a gona tsohon abu ne, kakanninmu sun san shi. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin Sarki Tanimun kan mai saran gawo. Kuma a Magarya, Matamai da Mirya, inda gawo ya dawo ya rufe gonaki, manoma ne suka yi abinsu, saboda ƙasa ta ƙare, babu sauran saura, taki ya yi tsada, kuma kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Abin da ya canza shi ne tsoron tara ya ragu, manomi ya fara jin iccen gonarsa nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun zo sun tarar da aikin ya yi nisa. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye ma mutanen gari ne suka kafa kwamitin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki, don hana ɓarayin icce.

Ga inda maganar ta shafi jami'a. Wannan abu ya ɗauki kusan shekara 20 yana yaɗuwa, rahotanni kuwa na ci gaba da cewa Nijar na rasa itatuwa. Me ya sa? Domin abin da ake ƙirgawa shi ne dazuzzukan hukuma da yawan dashen da aka raba. Iccen da ya tofo da kansa cikin gonar talaka ba shi da layi a takardar lissafi. Sai daga 2004 zuwa gaba, da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da masana ƴan Nijar irin su Mahaman Larwanu da Adam Tudu na jami'ar Abdu Mumuni suka haɗa hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan adam, suka kuma sauka suka bi gonaki suna ƙirgawa suna tambayar masu su, sannan girman abin ya bayyana. Hoton garin Galma na jahar Tawa, na 1975 da na 2003, ya zagaye duniya: mutane sun ƙaru, itatuwa ma sun ƙaru. Ƙiyasin da suka fitar shi ne eka ta hekta wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Hoton sama ya nuna ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Sai da aka taka ƙasa aka san wane icce ne, wa ya bar shi, kuma don me.

Haka tassa ta shigo ƙasar Illela. A 1989 aka kwashi wasu manoma aka kai su Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako ana zuba taki. Suka dawo suka gwada, abin ya bazu har fakon da ba mai so ya koma ana sayensa da kuɗɗi. Tafiya ɗaya ta gani da ido ce ta yi wannan aiki.

Yau jami'o'i sun matso kusa da gonakin. A 2010 aka kafa na Maradi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Diffa, Tilaberi, Doso da Agadas. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi na da tsangayar noma da kimiyyar muhalli. Ɗalibin da ya fita sitaj yadda ya kamata, ga abin da yake yi: ya shata fili, ya ƙirga kowane icce da kowane kututture mai rai, ya auna kaurin gindi daidai tsayin ƙirji, ya haƙa rami ya ga inda rairayi ya ƙare, ya koyi haɗa sunan Latin da sunan da mai gona ya sani. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya. Akwai mai iya rubuta Guiera senegalensis ba kuskure, amma a sa shi gaban sabara bai gane ta ba. Akwai kuma ɗan ƙauyen da ya san ta tun yana kiwo amma yana jin kunyar ya ce ya sani. Kuma dole ya zauna da matar da ke yin iccen girki, da Bafillacen da ke sassaƙo reshe da rani, don rikicin icce a gona yawanci tsakanin mutane yake.

Matsalar ita ce fita na cin kuɗɗi: mota, mai, abinci, wurin kwana. Duk lokacin da kasafi ya matse, ita ce ta fi sauƙin yankewa, tunda ba wanda zai ga giɓin a takardar digiri. Ga kuma rashin tsaro. Gandun W ya zama wurin da ba a shiga yadda aka saba, Kure ta raƙuman dawa ta ga harin 9 ga Agusta 2020, dajin Baban Rafi na ƙasar Madarunfa ƴan bindiga sun sa mutane na ɗari-ɗari da shi. A ganina wannan bai isa hujjar zama cikin aji ba. Abin da duniya ke zuwa kallo a Nijar a fannin nan cikin gonaki yake, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga Maradi ko Damagaram, wani ma a bayan gari.

Tambayoyin da ke jiran masu igiyar awo kuwa suna da yawa. A 2020 gomnati ta fitar da doka ta musamman kan renon tofo, wadda ta amince wa manomi da amfanin iccen da ya rena a gonarsa. Manoma nawa suka san da ita? Ma'aikata nawa ke aiki da ita? Gawon da aka bari a shekarun 1980 yanzu ya haura shekara 30, shin akwai ƙanana a bayansa? Kuka da ɗorawa da kanya, waɗanda ba su cika dawowa da kansu ba, wa ke maye gurbinsu? Garuruwa na faɗaɗa, ana yanka gonaki ana maida su fulotai, buhun gawayi na ƙara tsada.

Masu gonaki a Agye, Tasawa, Gidan Rumji, Kance da Magarya, in ɗalibbai sun taɓa zuwa aunawa a gonarku, ku faɗa mana wace shekara ce, me suka tambaye ku, kuma ko sun dawo sun gaya muku abin da suka gano.