Silikon na tsofaffin farantan sola da amfaninsa a batir

Silikon shi ne sinadarin da ke mayar da hasken rana lantarki a cikin farantin sola. Daga yashi ake tace shi da wuta mai tsananin zafi, shi ya sa yake da tsada. A nauyi bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na faranti ba; mafi yawan abin da ya rage gilashi ne, sai alminiyam da roba da tagulla da ɗan azurfa.

Batirin litiyam na waya da na mota yana ajiye caji ne a jikin girafayit, wato baƙin da ke cikin fensir. Silikon na iya riƙe litiyam kusan ninki goma na abin da girafayit ke riƙewa. Cikasɗinsa shi ne yana kumbura kusan ninki uku idan ya ɗauki caji, har ya tsattsage, don haka ake niƙe shi ya yi laushi sosai a gauraya da girafayit. A 2023, masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo sun ciro silikon daga tsofaffin faranti da asid na fosforik, suka gwada shi a batir ya yi aiki.

Batun ya shafi arewacin Zamfara, inda ƙarancin wutar gwamnati ya sa rijiyoyin burtsatse da shagunan cajin waya a Ƙaura Namoda da Shinkafi suka dogara da sola. A 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da kafa faranti 436 a asibitin Zurmi. Faranti mai kyau yakan yi shekara 25 zuwa 30, amma na hannu da wanda ya fashe ba sa kaiwa nan.

Idan faranti ya mutu, 'yan gwangwan alminiyam da waya suke so, sauran kuwa sai bola. A nan ake asarar silikon, a nan kuma haɗari yake, domin ana liƙa wayoyin faranti da yawa da dalma. Zamfara ta san wannan guba: a 2010 ta hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, sakamakon sarrafa duwatsun zinare.

Hukumar NESREA ce ke da alhakin dokokin sharar kayan lantarki a Najeriya. Matakin farko kafin kowace tacewa shi ne a tattara matattun faranti ba tare da an fasa su ko an ƙona su ba.