Hurumi da Gandun Daji a Ƙasar Rima

Akwai masu zaton cewa kiyaye daji da ruwa ilmi ne wanda Turawa suka zo da shi. Wanda ya duba tarihin Wurno da Rabah da Goronyo ba zai yarda da wannan zato ba.

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, inda ya zauna har ya rasu a 1837, ba tsaron Gobirawa kaɗai ne nufinsa ba. Ya so ya zaunar da makiyaya kusa da manoma a bakin Gulbin Rima, zama irin wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida. Ƙa'idar tana rubuce, gama baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, ya bayyana haƙƙin gari a kan makiyayarsa da wurin itacensa da mashayarsa. Abin da Bahaushe ke kira hurumi ke nan, watau filin da ba mai nomawa domin na kowa ne. Burtali ma haka yake. A tafkunan fadama kuwa, ba a shiga su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, ranar kuma takan zama ta kiɗa da annashuwa, kamar yadda farautar rani take ga samari.

To, sai dokar gandun daji ta 1916 ta zo, daga baya aka shata dazuzzuka, har da Gundumi, dajin nan da Kilafatan ya ratsa da ƙishirwa a 1824. Itatuwan sun tsira na wani lokaci, wannan gaskiya ne, bai kamata a hana wa dokar yabonta ba. Amma iko ya fita daga hannun gari ya koma hannun malamin daji, mai saran itace ya zama mai laifi a inda kakansa yake mai haƙƙi. A ganina nan ne aka yi hasarar da ba a lissafa ba, domin mutum ba ya tsaron abin da aka ce masa ba nasa ba ne.

Ruwa ma bai tsira ba. Da aka gama madatsar Goronyo a 1984, ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta koma bisa ga buɗe ƙofa da rufe ta. Manoman shinkafa da albasa sun sami noman rani, amma ba su ke yanke ranar sakin ruwa ba, a damanar 2010 kuwa ruwan ya ci garuruwa da gonaki tun daga Goronyo har Wurno. Gundumi kuma, da masu ita suka janye, 'yan bindiga ne suka mai da ita mafaka.