Daga Ƙwarya Zuwa Leda, da Neman Hanyar Komawa

Kafin leda ta shigo kasuwanninmu, kusan duk kayan aikin gidan Bahaushe daga gona ko daji ko turke suke fitowa. Duma ya ƙosa a fafe shi, a sami ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da masaki. Daga kaba ake saƙa tabarma da faifai da sanho, daga rama ake tufka igiya, da yumɓu ake gina tulu da randa, fata kuma a yi salka da taiki. Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano, tafiyar watanni, cikin ganyen fita suke ƙunshe shi a huhu, suna yayyafa masa ruwa har ya iso bai bushe ba. Dalar gyaɗa ma da buhunan algarara aka tayar da ita, waɗanda aka saƙa da zaren tsiro.

Kayan nan duka halinsu ɗaya: damina ce ke sabunta su, ƙasa ce ke karɓarsu in sun ƙare. Ba a kuma saurin yar da su. Ƙwarya ta tsage, mai gyartai zai zauna a ƙofar gida, ya huda gefen tsagar biyu da basilla, ya ɗinke ta tsaf, ta koma awon hatsi ko bakace. In ta gaji gaba ɗaya sai juji, shi kuwa juji da bazara jakuna ke kwashe shi zuwa gona a matsayin taki.

Kwanukan ƙarfe masu fenti ne suka fara rage wa ƙwarya kasuwa a ɗakunan amare, amma babban sauyin daga Turai ya taso. A 1933 ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da sinadarin da ake yin leda da shi ba tare da sun nufa ba. A 1965 kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu biyu, wadda injiniya Sten Gustaf Thulin ya ƙirƙiro. Ba ta da nauyi, ba ta yoyo, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Da masana'antun roba suka yawaita a Bompai da Sharaɗa a Kano, sai bokiti da buta da tabarmar roba suka ture na gargajiya. A shekarun 1990 fiya wata ya zo ya cike gurbin da rashin ruwan famfo ya bari. Daga nan koko da ƙosai da fura, har tuwo da zafinsa, duk suka koma leda.

Ba don wauta mutane suka karɓe ta ba, sauƙi suka gani. Sai dai bashin sauƙin ya biyo baya. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar aka sake sarrafawa. Mahauta sun san wannan tun kafin masana su rubuta: a kwata ana farke tumbin akuya ko saniya a tarar da dunƙulen leda ya murɗe ya cika shi, dabbar ta rame alhali tana kiwo. Manomi ya kai takin juji gona, sai ya ɓata kwanaki yana tsince leda a kunya. Kwatoci su toshe, ruwan sama ya rasa hanya ya faɗa gidaje.

Ambaliya ce ta sa Bangaladash ta zama ƙasar farko da ta haramta siririyar leda a 2002, bayan an ga yadda take toshe magudanan Dhaka. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017 da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 4. Nijar ta yi tata dokar a 2014, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024. Sakamakon bai zo ɗaya ba. A Ruwanda, titunan Kigali sun yi fes, domin an tsaya a kan doka kuma jakar takarda ta wadata a shaguna. A inda aka yi doka ba a ba mai ƙosai abin da za ta zuba wa mai saye ba, leda na nan tana yawo kamar ba a taɓa hana ta ba.

Wannan giɓin ne ya buɗe kasuwar sababbin kaya masu ruɓewa. Yau ana matse tuƙar rake a yi faranti da mazubin abinci, ana yin burushin haƙori da mariƙin gora, ana yin jaka da sitacin rogo ko na masara. A Indiya, farantin ganye da aka daɗe ana ci a kai ya shiga inji yana fita ƙasashen waje. A Bangaladash, masanin kimiyya Mubarak Ahmad Khan ya samar da jakar Sonali daga irin tsiron da ake saƙa algarara da shi.

Sai dai a yi hattara, ba duk abin da aka rubuta wa "mai ruɓewa" ne ke ruɓewa ba. Robar masara tana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 60 a wurin sarrafa taki na musamman, in an yar da ita a bola takan daɗe. Akwai kuma ledar da ake zuba wa sinadari don ta marmashe. Ba ta komawa ƙasa, ƙanana take zama ta shiga ruwa da abinci, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana ta daga 2021.

Abin da wannan tarihi yake koya mana shi ne, leda da araha ta ci kasuwa, kuma da araha kaɗai za a karɓe ta daga hannunta. Muna da rake da rogo da rama da kaba, muna da sauran masaƙa da maginan tukwane da ba su mutu da sana'arsu ba. Abin da ya rage shi ne jari da injin da zai sa kayansu su yi yawa su yi sauƙi, da hukumomin da za su fara saye a makarantu da asibitoci da tarukansu. In aka bari tsofaffin nan suka tafi ba su koyar ba, nan gaba da kuɗin waje za mu sayo abin da a dā yake tsirowa a bayan gida.