Garka a Cikin Gari

Masu zanen gine-gine a Turai da Asiya na alfahari da benaye masu lambu a kan rufi da dandalin jama'a a ƙasa. A ƙasar Hausa wannan tsohon tsari ne, kuma yaƙi da yunwa suka koyar da shi. Da Bature matafiyi Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran gonaki ne da lambuna. Wani Bature matafiyi, Barth, shi ma ya tarar da gonaki cikin birnin a 1851. Waɗanda suka ja ganuwar sun san cewa in aka yi wa birni ƙawanya alhali ba ya noma a ciki, yunwa ce za ta buɗe wa abokan gaba ƙofa. Gida ma haka aka tsara shi: zaure a gaba don baƙi da sulhu da karatun allo, rumbu a tsakar gida, garka a baya inda mata ke shuka kuɓewa da yakuwa da kabewa.

Garin Filinge kuwa ba shi da ganuwa irin ta Kano, amma mutanensa Kurfayawa na da Dallol Bosso, kwarin da ruwansa ke kusa da hannun mai haƙa rijiya. Bayan farin 1984, Shugaba Seyni Kountché, ɗan Fandu a wannan yanki, ya tura ƙasa ga noman rani, aka koma kan rijiya da garka don ceton rai. Abin takaici, lambun ya tsaya a bayan gari, ana yanka filayen unguwanni ba a bar masa gurbi ba.

Za a ce jama'a sun yi yawa, fili ya yi tsada, ciyayi kuma na tara sauro. Maganar sauro tana da gaskiya, sai dai kwantaccen ruwa ke haifar da shi, kuma magudana ce maganinsa. Batun fili ya fi nauyi. Zoben itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, gine-gine sun cinye babban yankinsa, domin filin da ba shi da mai tsaro ba ya daɗewa. Garkar da ke jikin makaranta ko masallaci, wadda matan unguwa ke ci daga gare ta, tana da masu tsaronta. Tun ranar yanka filaye ya kamata magajin gari ya ware ta, da rijiyarta da rumfarta, a rubuce.